Matsayin Mai Tsara Kiɗa a Nazarin Waƙar Hausa: Waiwaye a Kan Rayuwa da Ayyukan Bala Miller

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya yi nisa ƙwarai tun daga shekarun 1970. A shekarar 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa, a 1975 kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala kundinsa na digirin digirgir a kan Alhaji Mamman Shata, sannan a 1993 Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa matakan feɗe waƙar baka a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Duk wanda ya bi sawun waɗannan ayyuka da waɗanda suka biyo bayansu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato zai ga cewa hankalin manazarta ya fi karkata ga abubuwa biyu, wato mawaƙi da kuma maganar da ya rera. Wannan karkata tana da hujja, domin sassan koyar da harsuna ne suka reni fannin, kuma Bahaushe kansa abin da aka faɗa a waƙa yake fara saurare kafin ya kula da abin da aka kaɗa.

Sai dai akwai wani ma'aikaci da wannan mazubi bai tanadar wa gurbi ba, shi ne mai tsara kiɗa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsara kiɗa aiki ne na ƙirƙira wanda ya shafi harshe kai tsaye, kuma rashin kulawa da shi ya sa wani ɓangare na tarihin waƙar Hausa ta ƙarni na 20 ya kusa salwanta. An zaɓi marigayi Bala Miller (1928-2003) ya zama zakaran gwajin dafi, saboda yana daga cikin mutanen farko da suka ɗora waƙar Hausa a kan babbar ƙungiyar makaɗa ta zamani, suka kuma kai ta dandamali da talabijin. Za a dubi rayuwarsa a taƙaice, a auna abin da ya cim ma, a kuma faɗi inda aikin nasa ya tsaya.

2.0 Ma'anar Tsara Kiɗa

Idan aka ce mai tsara kiɗa, ana nufin mutumin da yake karɓar rauji, ko nasa ko na wani, ya raba shi ga kayan kiɗa da muryoyi daban-daban. Shi ne yake yanke shawarar abin da za a fara jin sautinsa, da inda 'yan busa za su shigo, da inda za su ja baya su bar murya ta fito, da saurin tafiyar kiɗan, da yadda za a dire. A wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa, sau da yawa wannan mutum shi ne kuma jagoran makaɗa: shi yake horar da mawaƙa, ya daidaita kiɗa da motsin 'yan wasa, ya tsaya gaban ƙungiya a ranar wasa yana ba da alama.

A ƙasashen da irin wannan wasa ya kafu, aikin ya daɗe da zama sana'a mai cin gashin kanta. A Amurka, alal misali, Robert Russell Bennett (1894-1981) shi ya tsara kiɗan fitattun wasanni irin su Show Boat (1927) da Oklahoma! (1943) da The Sound of Music (1959), amma sunayen waɗanda suka ƙagi raujin da baitocin ne suka shahara. Hasali ma sai a shekarar 1997 aka fara ware wa masu tsara kiɗa rukuni nasu na dindindin a kyautar Tony, wadda ita ce babbar kyautar wasannin dandamali ta ƙasar. A Afirka ta Kudu, wasan King Kong na 1959, wanda ya fito da Miriam Makeba, an fi danganta kiɗansa ga Todd Matshikiza, alhali kuwa Stanley Glasser ne jagoran kiɗan, kuma akwai wasu makaɗa da suka yi aikin tsarawa tare da shi. Haka abin yake a finafinan Indiya waɗanda Hausawa suka shaƙu da su: jama'a sun san sunan Shankar da Jaikishan, amma kaɗan ne suka ji labarin Sebastian D'Souza, mutumin Goa da ya yi shekaru yana tsara musu kiɗa.

Waɗannan misalai suna nuna cewa ɓoyuwar mai tsara kiɗa ba a ƙasar Hausa ta fara ba. Dalilin kuwa yana cikin yanayin aikin kansa. Gwargwadon yadda tsarin ya yi kyau, gwargwadon yadda mai sauraro zai ɗauka cewa da ma haka waƙar ta zo, bai ga hannun kowa a ciki ba.

3.0 Tsara Kiɗa a Gargajiyar Bahaushe

Kuskure ne a zaci cewa Bahaushe bai san tsara kiɗa ba sai da ya haɗu da Bature. Wanda ya saurari waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa ko na Musa Ɗanƙwairo zai ji yadda jagora yake ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe daga bakinsa su ƙarasa, kotso yana tafe da su ba tare da ya danne magana ba. Wannan karɓeɓeniya ba ta yiwuwa sai da shiri da bita a gida kafin a fita fada. Haka nan a ƙofar sarki, kakaki da farai da algaita da tambari kowanne yana da lokacin shigowarsa da take nasa, kuma akwai sarkin busa ko sarkin kiɗa mai lura da wannan. A wasannin gargajiya masu siffar kwaikwayo, kamar tashe da wasan gauta da kalankuwa da wasan 'yan kama, kiɗa da waƙa da kwaikwayo a cakuɗe suke, wani ne kuma yake shirya yadda za su gudana.

Bambancin shi ne, a gargajiyance aikin tsarawa yana tattare ne a jikin jagora. Shi ne mai ƙagar magana, shi ne mai rauji, shi ne mai horar da yaransa, don haka babu buƙatar a ba aikin wani suna na daban. Wannan ne ya sa rabe-raben da manazarta suka yi, wato makaɗan fada da makaɗan sana'a da makaɗan maza da makaɗan jama'a da sauransu, suka dogara a kan wanda ake yi wa waƙa ko kuma abin kiɗan da ake amfani da shi. Akan ce Shata na kalangu, Ɗanmaraya Jos na kuntigi, Garba Sufa na kukuma, Haruna Uji na gurmi, Barmani Coge ta ƙwarya. Kowane mawaƙi da abin kiɗa guda da aka san shi da shi. To, idan aka zo kan mutumin da abin kiɗansa shi ne ƙungiya gaba ɗaya, mai ɗauke da kayan busa da na tsirkiya da ganguna iri-iri, sai rabe-raben su rasa inda za su ajiye shi. A nan ne matsalar Bala Miller take.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Bala Miller

An haifi Bala Miller a shekarar 1928 a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa limamin majami'ar Angilikan ne, daga cikin ƙaramar al'ummar Hausawa Kiristoci da ta tashi a Zariya a kewayen mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a 1905, wanda aka mayar Wusasa a 1929. Wannan asali yana da muhimmanci ga fahimtar aikinsa ta fuska biyu. Ta farko, Hausa ce harshen gida da na ibada a wannan al'umma, kuma a cikinta aka yi wani babban ɓangare na aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Ta biyu, yaron da ya tashi a gidan mishan yakan saba tun yana ƙarami da waƙar majami'a mai muryoyi huɗu, wadda ake rerawa daga rubutu. Ke nan tun daga yarinta ya ji yadda Hausa take zama, ko take ƙin zama, a kan raujin Turai.

Aikin mahaifinsa ya kai iyalin Lakwaja, inda ya fara taɓa kayan kiɗan makaranta. Daga nan ya tafi makarantar sakandare ta C.M.S. da ke Legas, wadda aka kafa tun 1859. Ya yi ƙuruciyarsa a Legas a daidai lokacin da kiɗan hailaif yake tashe, musamman bayan zuwan E. T. Mensah na ƙasar Gana da ƙungiyarsa a farkon shekarun 1950. Miller ya yi kiɗa tare da Samuel Akpabot, wanda daga baya ya zama shehun malami a fannin nazarin kiɗa, ya kuma yi hulɗar aiki da Victor Olaiya a farkon tashinsa. A tsawon wannan lokaci ma'aikacin kamfani ne da rana, makaɗi da dare, kuma aikin kamfani ne ya dawo da shi Arewa, ya zauna a Kaduna.

A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo (1967-1975), Miller ya taka rawa wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Ya kuma kasance cikin waɗanda suka yi aiki a ɓangaren kiɗa na bikin nuna al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wato FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 a Legas, aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna. A wannan shekara ce ya kafa ƙungiyar da ta fi fito da sunansa, Great Music Pirameeds of Afrika, suna mai tuna wa Bahaushe dalar gyadar Kano. Ƙungiyar ta fara da mutum 12, daga baya ta haura 20, kuma an san ta da wasa a kulob ɗin Costain na Kaduna. A shekarun 1980 Hukumar Talabijin ta Ƙasa ta riƙa nuna shirinsa na kaɗe-kaɗe da raye-raye mai suna The Bala Miller Show a faɗin Nijeriya. Ya rasu a shekarar 2003.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, kowane mataki nasa aikin haɗa mutane ne da tsara su: ƙungiyar makaranta, ƙungiyar otel, makarantar kiɗa, bikin ƙasa, shirin talabijin. Bai bi hanyar gado ba, bai kuma bi hanyar barantaka a gidan wani makaɗi ba, waɗanda su ne hanyoyi biyu da aka fi sani na zama makaɗin Hausa.

5.0 Nazarin Aikinsa

5.1 Karin Sauti da Nauyin Gaɓa

Matsala ta farko da ke fuskantar duk mai son ɗora Hausa a kan kiɗan waje ita ce ta harshe. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da kuma tsawon wasali. Kalmar kuka mai sautin sama-sama tana nufin zubar da hawaye, mai sautin sama-ƙasa kuwa itaciya ce. Wuya mai sautin sama-ƙasa gaɓar jiki ce, mai sautin ƙasa-sama kuwa wahala ce. Gari na zama da gari na tuwo tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. Binciken da Paul Richards ya buga a 1972 a kan dangantakar karin harshe da rauji a waƙar Hausa ya nuna cewa akwai jituwa tsakaninsu, ko da yake ba ta zama doka marar sassauci ba. Mawaƙin gargajiya yana warware wannan matsala ne ba tare da ya yi tunaninta ba, domin raujinsa daga maganar yake fitowa, kuma kalangu ko kotso suna iya lanƙwasa sauti su bi ta.

Mai tsara kiɗa irin na hailaif ba shi da wannan 'yanci. Yana aiki ne da gidajen kiɗa masu ƙayyadadden awo, da jerin sautuka masu jituwa waɗanda suke juyawa a ƙayyadadden lokaci, da kayan busa waɗanda aka ɗaure sautinsu tun daga masana'anta. Idan bai san harshen ba, sai ya ja gaɓa sassauƙa ya gajarta mai nauyi, ko ya ɗaga sautin da ya kamata ya sauka, waƙa ta fito da lafazin baƙo.

Waƙar Miller da ta fi shahara, "Ikon Allah", ta isa misali a nan tun daga sunanta. Wannan furuci yana da gaɓoɓi huɗu, i da kon da Al da lah, kuma dukansu masu nauyi ne, domin ta farko dogon wasali gare ta, sauran ukun kuma rufaffu ne. Karin sautinsu kuwa sama, ƙasa, sama, ƙasa ne. Wato furucin ya zo da awonsa a shirye: gaɓoɓi huɗu masu tsawo ɗaya, masu hawa da sauka bi da bi, waɗanda za su zauna daram a kan gidan kiɗa mai bugu huɗu ba tare da an tauye ko ɗaya ba. Zaɓen irin wannan furuci ya zama ginshiƙin waƙa aiki ne na kunnen da ya san harshen, ya kuma san awon kiɗan da zai ɗora shi a kai. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta cewa tsara kiɗa yana cikin hurumin masu nazarin harshe.

5.2 Amshi da Kayan Busa

Abu na biyu shi ne yadda aka sarrafa tsarin jagora da amshi. A hailaif, da ma kiɗan rawa na shekarun 1970 baki ɗaya, 'yan busa sukan yi wani gajeren take su riƙa maimaita shi a tsakanin layukan mawaƙi. Ga kunnen Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, domin aikin da gindin waƙa yake yi ke nan: ya ba jagora damar numfasawa, ya kuma riƙe mai sauraro kada zaren ya tsinke masa. Ƙungiya irin ta Miller tana da 'yan amshi kashi biyu, na baki da na ƙaho, ga kuma gita da ganguna suna riƙe da ƙasa kamar yadda 'yan kanzagi suke yi wa mai babban kalangu. Bugu da ƙari, amon kayan busa na ƙarfe ba baƙo ba ne a Arewa, domin kunne ya saba da kakaki a fada, ya kuma saba da begila da badujala a barikin soja da na 'yan sanda. Gwanintar mai tsarawa a nan ita ce sanin lokacin da zai saki waɗannan ƙahonni da lokacin da zai kame su. Mutum 20 suna iya binne murya guda cikin sauƙi, kuma idan magana ta ɓace, to a wurin Bahaushe waƙa ta ɓace.

5.3 Zaɓen Turke

Abu na uku shi ne turke. Makaɗin fada yana da ubangida, makaɗin sana'a yana da 'yan sana'arsa, amma mai kiɗa a Kaduna ta shekarun 1970 masu sauraronsa gauraye suke: ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, Hausawa da waɗanda Hausa ta zame musu harshen hulɗa. Furucin ikon Allah kalma ce ta mamaki da sallamawa wadda duk waɗannan mutane suke faɗa a kasuwa da mota da ofis, ba tare da wani ya ji ta fi zama ta wani ba. Ɗan limamin majami'a da ya gina waƙar rawa a kanta ya nuna ya fahimci inda al'ummar sabon birni ta haɗu. Wannan turke bai shiga yabo ko zambo ko zuga ba, kuma ya nuna cewa Hausar birane ta fara samar da nata adabin da bai jingina da fada ko ƙauye ba.

6.0 Iyakar Tasirinsa

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi cewa aikin Miller bai ratsa zukatan Hausawa kamar yadda na Shata ko Ɗanmaraya ya yi ba, kuma ana iya kawo dalilai uku.

Na farko ya shafi magana. Ma'aunin Bahaushe na gwanintar waƙa shi ne yalwar zance: kirari da habaici da karin magana da ambaton asali da jera ɗiya masu yawa ba tare da maimaici ba. Kiɗan rawa kuwa gajeren zance yake so, wanda za a yi ta nanatawa, a bar wa kayan kiɗa fili. Idan aka ɗora waƙa irin wannan a kan matakan turke da tubalansa da salon sarrafa harshe kaɗai, za ta fito da ƙarancin kaya, domin rabin hikimarta yana cikin abin da ba a rubutawa da haruffa. Wannan rauni ne na gaske idan aka auna da ma'aunin gargajiya, amma kuma yana tona gejin ma'aunin.

Na biyu ya shafi muhalli. Kulob da otel su ne gidan hailaif, kuma wurare ne da akasarin Hausawa ba sa zuwa, ba sa kuma ganin mutuncin zuwa. Talabijin ta faɗaɗa masu kallo, amma a wancan lokaci ta fi yawa a gidajen ma'aikata a birane. Kiɗan bai sami shiga bikin aure da suna da naɗin sarauta ba, alhali a nan ne waƙar Hausa take samun abinci da daɗewa.

Na uku ya shafi tattali. Makaɗin gargajiya da yaransa kaɗan kyautar iyayen gida tana riƙe su, kayan kiɗansu kuma a gida ake yin su da fata da ice da ƙwarya. Ƙungiyar mutum fiye da 20 mai kayan da ake sayowa daga waje tana buƙatar albashi da mota da na'urorin ƙara sauti. Bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo shirin gyaran tattalin arziki na 1986, riƙe irin wannan ƙungiya ya zama da wuya a ko'ina a Nijeriya. Yana da kyau a kwatanta da ƙasar Yarbawa, inda Hubert Ogunde tun 1944, da Duro Ladipo da Kola Ogunmola a bayansa, suka gina wasan kwaikwayo mai waƙa a kan ƙungiyoyi masu yawo gari-gari suna karɓar kuɗin ƙofa, da ganguna na gida. Arewa ba ta sami irin wannan kasuwa ta dandamali ba, don haka mai tsara kiɗa ya dogara ga gwamnati da kulob da gidan talabijin.

Wani abin da zai ƙara fito da matsayinsa shi ne yadda duniya ta sake gano shi. A shekarar 2001 kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, wanda aka gabatar a matsayin labarin kiɗan Legas, kuma "Ikon Allah" tana ciki tare da waƙoƙin Fela Kuti da Tony Allen da William Onyeabor. Ke nan a waje an adana waƙar amma an jingina ta ga Legas, a gida kuma an san Hausa ce amma mazubin nazari bai karɓe ta ba.

7.0 Daga Babbar Ƙungiya Zuwa Fiyano

Wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa ya zo ya kafu a ƙasar Hausa ta wata ƙofa dabam, wato finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, da fitowar finafinai irin su Sangaya, waƙa ta zama ginshiƙin fim, kuma fiyano ƙirar Yamaha, mai kwaikwayon amon sarewa da ganga da goge, ta maye gurbin ƙungiya. Abin da mutum 20 suke yi wa Miller sai ga mutum guda yana yi a ɗan ƙaramin ɗaki. A yau, daga unguwannin Kano har zuwa Mpape a gefen Abuja, makaɗi ɗaya da fiyano ko kwamfuta yakan ɗauki nauyin kiɗan biki ko na majami'a ko na sabon mawaƙi.

Wannan sauyi ya ƙara raba aikin mawaƙi da na mai kiɗa. Mawaƙin zamani yakan zo ɗakin ɗaukar sauti da baitocinsa da ɗan raujinsa, mai kiɗa ya zaɓi awo da sauri da kayan da za a ji, ya nuna inda amshi zai faɗo. Wani lokaci ma kiɗan ake fara yi, sannan a ɗora magana a kai. Saboda haka yawancin waƙoƙin Hausa da ake yi a yau masu ƙirƙira biyu gare su, amma kundayen ɗalibai sukan ambaci ɗaya ne kawai. Tambayoyin da Miller ya fuskanta, na karin sauti da nauyin gaɓa da rinjayar kiɗa a kan magana, su ne dai suke gaban waɗannan matasa, kuma amsoshin da suke bayarwa suna shafar lafazin Hausar da miliyoyin mutane suke ji kullum.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tsara kiɗa tsohon aiki ne a gargajiyar Bahaushe wanda yake ɓoye a jikin jagora, kuma Bala Miller yana cikin waɗanda suka fara fito da shi fili a matsayin sana'a ta daban. An ga cewa ƙarfinsa yana wajen daidaita awon harshe da na kiɗa, da mayar da kayan busa 'yan amshi, da zaɓen turken da ya haɗa jama'ar birni. An kuma ga cewa ƙarancin zance da muhallin kulob da tsadar riƙe ƙungiya sun taƙaita tasirinsa.

Abin da ya rage ga manazarta abubuwa uku ne. Na ɗaya, a ƙara wani mataki a tsarin feɗe waƙa wanda zai tambayi wane ne ya tsara kiɗan, da me ya tsara shi, kuma yaya tsarin ya yi da karin sauti da nauyin gaɓa, a matsayin ci gaban abin da aka riga aka fara a ƙarƙashin rauji da tsarin rerawa. Na biyu, sassan harsunan Nijeriya su haɗa hannu da sassan kiɗa da na wasan kwaikwayo, domin nazarin da ya tsaya a kan rubutattun baitoci ba zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai ba. Na uku, a nemi fayafayan Miller da hotunan shirinsa a gidajen rediyo da talabijin, a tattauna da waɗanda suka yi aiki a ƙungiyarsa ko suka yi karatu a makarantar Kano tun suna raye, a adana abin da aka samu a cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Sama da shekara 20 ke nan da rasuwarsa, kuma kowace shekara masu iya ba da wannan shaida raguwa suke yi.